Amsa ga Kawu kan wayfai ɗin gida da ke yankewa

Assalamu alaikum. Kawu, barkanku da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Na saurari saƙonku. Zan amsa a nan gurup ne, don na san akwai masu fama da irin wannan matsalar su ma su ji.

To, kun ce rauta ɗin, wato na'urar da ke watsa wayfai, tana falo, ku kuma a ɗakinku na baya sanda ɗaya kuke gani, wani lokacin ma ba ko ɗaya, kuma in kuna kiran bidiyo da yara sai ya riƙa yankewa. Sannan wani ya ce ku sayi busta. Kawu, don Allah ku riƙe kuɗinku tukuna. Kada ku sayi komai sai mun gano inda ciwon yake.

Abin da ya sa na ce haka, irin rauta ɗinku mai sim ce, to tafiya biyu intanet ke yi kafin ta iso hannunku. Ta farko daga ƙarfen sabis na unguwa zuwa rauta. Ta biyu daga rauta zuwa wayarku. Sandunan wayfai da kuke gani a saman waya, labarin tafiya ta biyu kawai suke ba ku, ba su san abin da ke faruwa a waje ba. Shi ya sa mutum zai ga wayfai a cike fal amma ko hoto ya ƙi buɗewa.

Gwajin ba wuya. Duk lokacin da ya yanke, ku taso ku zo daf da rauta ɗin da wayarku. In ya dawo nan take, komai na gudu, to matsalar cikin gida ce, bango ne da nisa. In kuwa kuna tsaye a kanta amma shiru, ku kalli fitilun da ke jikinta, waɗanda ke nuna ƙarfin sabis. In ɗaya ce ke ci ko ta koma ja, daga waje ne. Kuma ku lura da lokaci. In da asuba yana gudu lafiya lau, sai bayan magariba ya fara ja da ƙyar, wannan cunkoso ne, kowa a unguwa ya dawo gida ya hau. Babu abin da za ku saya ku jona a bango ya gyara wannan, sai dai a gwada layin wani kamfanin a gani, in rauta ɗin tana karɓar kowane sim.

Amma ni, yadda na san gidan, na fi zargin inda aka ajiye ta. Tana cikin kantar talabijin, a ƙasa, bayan dikoda, an rufe ta da gilashi, har an ɗora mata ɗan kyalle saboda ƙura. Ku ɗauke ta kamar fitila, Kawu. Wa zai kunna fitila ya tura ta ƙarƙashin kujera ya ce ɗaki ya yi duhu? Sama take so, a sarari. Tsakanin falon da ɗakinku akwai bangon bulo da siminti har uku, ga ginshiƙai masu rodi, ga ƙofar ƙarfe, ga firji a lungun nan. Ƙarfe shi ne babban abokin gabar wayfai. Ruwa ma yana shanye shi, don haka duro ko tankin ruwa in ya shiga tsakani yana ragewa. Babban madubi ma haka, saboda bayansa shafen ƙarfe ne. Masu gidan bene kuma, dakin ɗin nan, wato rufin kankaren da aka zuba da rodi, ya fi kowane bango tarewa.

A fito da ita, a kafa ɗan katako a bango sama da tsayin mutum, a ɗora ta. In mai eriya ce a miƙar da su tsaye. Kyallen nan a cire shi gaba ɗaya, don ramukan da ke jikinta na shan iska ne. Da bazara in kun taɓa ta kuka ji kamar an sauke ta daga wuta, to tana iya kashe kanta ta sake tashi, ku kuna can kuna cewa sabis ne. Ƙura kuwa a riƙa gogewa da busasshen tsumma.

Sai dai akwai inda abin ke da ɗan rikici. Don wayfai ya wadaci gida, tsakiyar gida ta fi. Don sim ya samu sabis, bakin taga ya fi, tagar da ke kallon ƙarfen sabis. To wanne za a bi? Ni a wurina taga ce gaba. Abin da bai shigo gidan ba, ba yadda za a yi a raba shi. A sa yaro ya ɗauki rauta ɗin da doguwar wayar wuta ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya, a kowace ya dakata kamar minti biyu ya ga fitilu nawa suka kama. Wani lokaci tsakanin wannan taga da waccan bambancin sai ya ba ku mamaki. Amma kada a bar ta inda rana ke dukanta kai tsaye.

In an samu tagar, ɗakinku kuma har yanzu yana nesa, maganin da na fi yarda da shi shi ne kebul. Wayar intanet ɗin nan da ake kira Cat6, tana kai mita 100 ba tare da ta rage komai ba. A ja ta ta cikin silin daga rauta zuwa ɓangarenku, a jona wata ƙaramar rauta a can. An gama. Bango ba ruwansa da abin da ke tafiya cikin kebul.

Shi kuma bustan da aka ce, iri biyu ne, mutane na haɗa su. Akwai rifita, ɗan ƙaramin da ake soka wa a soket, ya kamo wayfai ya sake watsawa. Yana aiki, amma yawancin masu arahar da baki ɗaya suke karɓa suke bayarwa, sai gudun ya ragu kusan rabi. Kuskuren da ake yi kuma, a kai shi cikin ɗakin da babu sigina. Me zai kamo a can? Rabin hanya ake sa shi, inda wayfai ke da sauran ƙarfi. Ɗaya kuma shi ne bustan sabis na GSM, mai eriya a kan rufi. Wannan ku bar shi. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kansa tun 2021, kamfanonin sadarwa masu lasisi ne kaɗai aka yarda su kafa shi, domin yana dagula wa maƙwabta sabis.

Sai maganar wuta, ita ma tana da hannu a yankewar nan. Duk sanda aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa inji, rauta mutuwa take yi, kuma tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo. Akwai ƙaramin batiri da ake sayarwa don rauta, ana jona shi tsakaninta da soket. A duba bayanta a ga abin da aka rubuta, yawanci 12V ne, a sayi daidai da shi. In kuma adaftarta ta asali ta ƙone aka sa mata wata ta tsintuwa, wannan kaɗai ya isa ya sa ta riƙa mutuwa tana tashi.

Wani abu kuma, in kun duba jerin wayfai kuka ga sunan gidanku sau biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, wannan wayfai na 5 GHz ne, ba 5G na sabis ba. Ya fi gudu amma ba ya jure bango. A falo ku hau shi. A ɗakinku ku hau ɗayan, 2.4 GHz, shi ne mai nisan zango. Ga waɗanda ke gidajen haya, kowane ɗaki da rautarsa, ku shiga saitin ku sa tashar 2.4 ɗin a kan 1 ko 6 ko 11. Su ukun nan ne ba sa hawa kan juna. Adireshin shiga saitin yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasan rauta, wani abu kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1.

Kuma Kawu, ku yi haƙuri, lambar sirrin wayfai ɗin nan a canza ta. Wayoyin yanzu suna iya nuna ta ga wani da ɗan hoton da ake haskawa, yaro ɗaya ya samu, abokansa na ƙofar gida duk sun samu. In aka shiga saitin za a ga jerin duk wayoyin da ke kai. A ƙirga na gida, a ga ko lissafi ya fita.

Yanzu dai a fara da na kyauta. Yau da dare ku yi gwajin nan na tsayawa kusa da ita, gobe a fito da ita daga kanta a gwada tagogi. Sannan a ɗauko min hoton takardar ƙasanta a turo min ni kaɗai, kada a sa a gurup saboda lambar sirri na jiki. In na ga irinta zan gaya muku ko tana da ramin kebul da na eriyar waje, sai mu san abin da za a saya in ma akwai buƙata. A gaida min su Inna. Sai na ji daga gare ku.