Tambayoyin Masu Karatu: Mai gyara ya ce a sake wa laftof ɗina BIOS

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi laftof na hannu, na sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows). Duk lokacin da na kunna ta sai wasu layuka su gilma kafin ta buɗe. Da na duba da dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin, na ga "ACPI BIOS Error (bug): Could not resolve symbol", ga kuma "Direct firmware load for iwlwifi failed with error -2". Mai gyara ya ce a sake mata BIOS. Batirinta kuma ba ya riƙe caji. In yarda? — Wani ɗalibi, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yarda tukuna, wannan batirin ne ma ya fi tayar min da hankali.

Saƙon farko daga teburan ACPI yake. Bayanai ne da BIOS, wato manhajar da ke fara tashi a cikin laftof kafin komai, ke miƙa wa Linux a kan fanka, batiri, maɓallin wuta da yadda na'ura ke barci. Galibin masu ƙera laftof da Windows suke gwada su, sai ka tarar tebur ya ambaci wani suna da babu shi a ciki. Linux kuwa ba ta yin shiru, sai ta rubuta a kundinta. Ka rufe murfin ka buɗe: ta farka? Fanka na juyawa idan ta ɗau zafi? To ƙyale saƙon, ko shekara zai yi yana fitowa.

Na biyu na katin Wi-Fi ne, wanda sai an loda masa wani ɗan fayil daga /lib/firmware kafin ya yi aiki. Lambar -2 na nufin ba a sami fayil ɗin ba. Sai dai direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, yakan fara neman sabon fitowar fayil ɗin, in ya rasa ya sauko kan na baya. Duba ƙasa kaɗan, in ka ga "loaded firmware version", ya samu ke nan. In kuwa Wi-Fi ɗin ba ya kamawa sam, jona wayarka da kebul ka ari intanet, ka buga sudo apt install --reinstall linux-firmware, ka sake kunnawa. Wannan bai shafi BIOS ba ko kaɗan.

Ba na cewa sabunta BIOS ba shi da amfani. In tana ƙin farkawa daga barci, ko fanka ta yi tsit, umarnin fwupdmgr get-updates zai iya nuna maka ko kamfanin ya fitar da sabo. Amma in ana cikin rubuta sabon BIOS ɗin NEPA ta ɗauke wuta, batiri kuma matacce, laftof ɗin na iya ƙin tashi gaba ɗaya, sai an kai ga ɗora wa ɗan guntun BIOS ɗin na'urar rubutawa.  Canza batirin tukuna, ko ka yi aikin a inda akwai inbata.

Kafin nan, buga journalctl -k -b -p err ka turo min abin da ya fito, da lambar samfurin laftof ɗin da ke rubuce a ƙarƙashinta.