Amsa: Shin "An rufe" kaɗai ya isa a kan tambayar da aka tsayar?

Malam, ka tambaya ko ya isa ku rubuta "An rufe" a kan tambayar da ku masu kula da zauren tambaya da amsa na intanet kuka hana a ci gaba da amsawa. Bai isa ba. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne wanda aka rufe wa tambaya babu wani bayani, ba ya gyarawa, ficewa yake yi. Sabon shiga ma ya fi saurin tafiya, don a bainar jama'a aka kunyata shi.

Stack Overflow, dandalin masu rubuta manhajar kwamfuta da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, ya sha fama da wannan. Shekaru suna liƙa wa tambayoyi hukunci irin "wannan ba tambayar gaske ba ce". Mutum ya kwana yana kokawa da matsala, gari ya waye a ce masa haka! A 2013 suka soke waɗannan kalmomi, suka kawo irin su "ba a gane abin da kake tambaya ba" da "ta yi faɗi da yawa". Suka kuma sa tambaya ta zauna a matsayin "an dakatar" na kwana 5 na farko, idan mai ita ya gyara sai a duba yiwuwar sake buɗe ta. A 2019 suka dawo da "an rufe", amma dalilan suka koma faɗar abin da ya rage, kamar "tana buƙatar ƙarin bayani".

Wannan na ƙarshe shi na fi yarda da shi, domin laifin yana kan rubutun, ba kan mai shi ba, kuma ga hanyar gyara a fili. Sai dai kada ku rubuta "an dakatar" in kun san ba mai komawa ya duba. Wannan yaudara ce, kuma mutane na saurin ganewa.

Tambayar da aka taɓa amsawa kuwa, kada ku ce "maimaici ne" ku wuce. Mu abin da muke rubutawa shi ne: "An amsa irin wannan a baya, ga inda amsar take. In matsalarka ta bambanta, faɗa mana ta ina, za mu buɗe." Da yawa sukan dawo su bayyana, kuma sau tari sai a tarar lallai tasu daban ce.