Gini Sama Yake Yi, To Yaya Ake Gina Rijiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kakata takan ce "an gina rijiya", malaminmu na Hausa kuma yana koya mana "ginin jimla". Ni dai ginin da na sani shi ne na bulo da siminti. Wa ya yi daidai? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: 'Yata, duk su biyun sun yi daidai, kuma ina roƙonki kada ki yi wa Hausar kakarki gyara.

A bakin mutanen da, gina aikin ƙasa ne, ko a tono ta ko a ɗora ta. Ki duba kududdufan cikin birnin Kano: yawancinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gidajen unguwa ne. Magini zai sa a haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, sannan a mulmula tubali a shanya. Rami na zurfi, katanga na tashi, duk aiki ɗaya. Shi ya sa ake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai tukwane ma gini take yi da yumɓu, haka gara da zanzaro.

Sana'ar har sarauta gare ta, Sarkin Magina. Muhammadu Durugu, wanda ake wa laƙabi da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara.

Daga nan kalmar ta shiga wasu wurare. Asibiti na cewa wake da ƙwai suna gina jiki. Malaman nahawu sun ari kalmar, kuma a ganina aron ya dace, domin a "Audu ya sayi doki" kowace kalma na zaune a kan 'yar'uwarta. Ki zare "ya", jimlar ta rushe.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu 'yan jarida ke liƙa gini a kan komai. Ana gina gada, amma titi shimfiɗa shi ake yi, jirgi da mota ƙera su ake yi, rumfa kuwa kafa ta ake yi. A jarrabawa ki kula da waɗannan ukun.