Amsa ga ƙanenmu mai son zama editan mujalla

Salam. Ƙanena na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana karanta aikin jarida, kana son rubutu kan fim da waƙa da littattafai har wata rana ka zama edita, ta ina za ka fara kuma wai akwai kuɗi a ciki? To bari in ɗan ce wani abu, don na yi shekara bakwai a wata 'yar mujallar fim a Kano kafin ta mutu.

Mu lokacin da muka shigo kasuwar da zafinta, mujallar Tauraruwa na fitowa, ita ce ma ta fara kiran masana'antar finafinan Hausa da sunan Kannywood, ga mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, kowa kwaikwayonsu yake. Aikina na farko ba rubutu bane, sauraron kaset ne. A ba ka hira ta minti 90 ka zauna ka kwafe ta da hannu, NEPA sun ɗauke wuta, batirin rikoda na neman ƙarewa sai ka zura biro a kaset kana juyawa don kar ka ɓata batir. Na taɓa kwana biyu a kan hirar wata jaruma, shafi goma sha ɗaya, oga ya ɗauki jan biro ya mayar da ita shafi biyu wlh kamar in yi kuka. Da ta fito sai na ga ashe duk abin da ya yanke gaishe-gaishe ne da kirari.

Shi edita, in kana zaton zama yake yana rubuta sharhi, to ba haka bane. Rabin ranarsa a madaba'a yake ana rigimar kuɗin takarda, sauran rabin yana bin masu talla bashi, ga masu sayar da jarida su dawo maka da kwantai a ɗaure kamar yadda ka kai musu, ga ƙ da ɗ da kwamfuta ta cinye sai ka bi layi layi kana gyarawa, hoton bango kuwa rigima ce mai zaman kanta don kowa so yake fuskarsa ta hau.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne maganar kuɗin mota. Ka je lokeshan furodusa ya damƙa maka wani abu a hannu ya ce ka sha mai, kai kuma albashi wata biyu bai shigo ba. Ni na karɓa sau ɗaya. Fim ɗin ya fito ba kai ba gindi, na zauna na rubuta sharhi ina ta kewaye-kewaye. Oga ya karanta ya ɗago kai ya ce "nawa ya ba ka?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya sa na sake rubutawa a gabansa, furodusan kuma ya yi shekara baya gaisa da ni.

Kuɗi kam babu, kar in yaudare ka, takarda ta yi tsada kuma waya ta cinye masu karatu. Yanzu ka buɗe shafi a Facebook, duk sati ka kalli fim ɗaya ko ka karanta littafi ɗaya har ƙarshe ka rubuta ra'ayinka na gaskiya, in ka tara kamar guda goma ka tura wa Aminiya ko wata jaridar intanet. Ka turo min na farkon ta inbox in duba maka, har yanzu jan birona na nan.