Tambaya da Amsa: Me ya sa haruffan Hausa suke lalacewa a fayil ɗin XML?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni nake kula da rajistar ɗalibai a wata makaranta da ke Tudun Wada, Kaduna, kuma na rubuta wata ƙaramar manhaja da take fitar da bayanansu a fayil ɗin XML, wato tsarin rubuta bayanai da kwamfuta ke iya karantawa. Idan an buɗe fayil ɗin sai sunan Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, wani lokacin kuma ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsaloli biyu ne suka haɗe maka. Ta farko ta shafi tsarin da aka adana haruffa da shi. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, babu su a tsofaffin tsare-tsare irin su ASCII da Windows-1252, amma Unicode, wato kundin haruffan harsunan duniya, ya tanade su, kuma a UTF-8, tsarin adana haruffan Unicode, kowannensu yana cin bait biyu (bait ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta). Idan manhajar da take karantawa ta ɗauka Windows-1252 ne, sai ta ba kowane bait harafinsa daban, shi ya sa Ɗ ya zama ÆŠ. Ka fara fayil ɗin da layin <?xml version="1.0" encoding="UTF-8"?>, sannan ka tabbatar da UTF-8 ɗin aka adana shi, domin layin nan sanarwa ce kawai, ba ya sauya abin da yake ciki. Inda alamar tambaya ta riga ta maye gurbin harafi kuwa, sai dai a koma rajistar asali, domin harafin ya salwanta.

Ƙin buɗuwar kuma sau da yawa daga alamomin & da < yake, saboda XML ya keɓe su don aikinsa. Idan adireshin mahaifi ya zo da "Musa & 'Ya'yansa", dole a rubuta &amp; a madadin &, kamar yadda ake rubuta &lt; a madadin <. Apostirofin da ke cikin Sa'adatu ba ya kawo cikas, sai dai idan da shi aka kewaye ƙimar sifa (attribute), kamar a suna='Sa'adatu', a nan ne ake sa &apos;.

Shawarata ita ce ka daina harhaɗa fayil ɗin da hannu, ka bar wa ɗakin manhaja (library, wato shiryayyun kayan aiki) na XML da ke cikin harshen da kake aiki da shi, kamar ElementTree a Python. Ka miƙa masa sunan yadda yake, kada ka musanya alamomin da kanka tukuna, in ba haka ba zai sake musanya su, &amp; ya koma &amp;amp; a takardar ɗalibi.