Amsa ga 'yar'uwar da uwar aladenta ta karye ta mutu

Sannu da rashi, 'yar'uwa. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya mayar miki da gurbinta.

Kin ce uwar aladenki mai shayar da 'ya'ya tara 'yan sati uku ta zame a kan siminti kina cikin wanke ɗaki, ƙafar baya ta ƙi takuwa, kika kira mai ɗori ya ɗaure, aka yi ta allura sama da mako, daga ƙarshe ta mutu. Kina tambaya ko da abin da ya kamata a yi ba a yi ba, yaya za ki yi da marayun, kuma ko ɗaya uwar da ta rage tana cikin haɗari. Kika ƙara da cewa maigida ya ce miki alade ne fa ba mutum ba, ke kuma barci ya ƙaurace miki. Na daɗe ina kiwon aladu a nan gefen Gonin Gora, kafin nan a gidanmu can wajen Kafanchan, to bari in faɗa miki abin da na sani.

Idan karayar a cinya take, kamar yadda bayaninki ya nuna, ɗori ba zai kama ba, ko wane ne ya ɗora. Ƙashin cinyar alade yana binne cikin tsoka mai kauri, babu inda kara ko katako zai riƙe shi, ga nauyin da ya haura kilo 100 yana danna shi duk lokacin da ta yunƙura. Akuya takan yi ɗingishi da ƙafa uku har ƙashi ya haɗe, shi ya sa masu ɗorinmu suke cin nasara a kanta. Ɗan alade ƙarami ma in ya karye ƙasa da gwiwa ana ɗaure masa ya warke cikin sati uku ko huɗu. Amma babbar uwa da ta kasa tashi, kwanciyar kanta ke cinye ta: gefen da take kwance ya yi gyambo, ƙudaje su sa tsutsa, ta daina ci, nono ya ƙafe, zazzaɓi ya shigo ta wurin ciwon. Saboda haka batun cewa ba ki kula da ita ba, ki cire shi daga ranki. Ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kika kai ta, da wuya a ba ki shawarar jinyar irin wannan karaya.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne dalilin karayar. Alade lafiyayye yakan zame sau da yawa ya tashi ya kaɗe jikinsa. Uwa mai shayarwa kuwa daban take. Nonon da take ba 'ya'ya tara yana ɗauke da sinadarin gina ƙashi, wanda ake kira kalsiyam, kuma in bai isa a abincinta ba, daga ƙashinta jikinta zai ɗebo ya ba 'ya'yan. Mu kuma a nan me muke ba su? Dusar masara, dusar giya ko ta burukutu, ɓawon rogo, ragowar tuwo. Ciki yana cika, amma duk cikinsu babu mai wadataccen kalsiyam, dusa ma abin da ta fi yawa da shi wani sinadari ne da ke ƙara hana jiki cin moriyar ɗan wanda ke akwai. Zuwa sati na uku ko na huɗu na shayarwa, ko daf da yaye, ƙashi ya yi laushi. Daga nan ɗan santsi ko hawan ƙaton namiji ya isa. Shi ya sa yawancin karayar da na gani a iyaye ne masu 'ya'ya da yawa, waɗanda suka fi nono, wato waɗanda aka fi so a garke. Ɗaya uwar taki da ta rage, in abinci ɗaya suke ci, ki fara sa mata garin ƙashi ko garin farar ƙasa da masu sayar da kayan abincin kaji ke sayarwa, tare da firimis na aladu, wato haɗin bitamin da sinadaran gina jiki, bisa ma'aunin da ke jikin buhu. Simintin kuma ki sa magini ya sassare shi ya yi kaushi. Maginanmu suna son gogar ƙasa ta yi sumul kamar falo, wannan kuwa ba na ɗakin alade ba ne. Ranar wanki ki fitar da ita tukuna, ko ki bari ƙasa ta tsane.

Yanzu ga maganar da ba kowa zai faɗa miki ba. Alade in ya faɗi, kwana biyu na farko su ne na yanke shawara, kuma kafin allura ta shiga jikinsa ake yanke ta. Ki durƙusa ki duba. Ƙafar tana lilo? Ta fi 'yar'uwarta gajarta? In kika motsa ta a hankali kina jin ƙashi yana gogar ƙashi? Cinya ta kumbura ta yi zafi? Ki matsa tsakanin kofato da ƙarfi: in ba ta janye ƙafa ba, ko kuma ta yi zaman kare tana jan ƙafafun baya duka biyu, to abin ya taɓa gadon baya. A duk waɗannan, a kira likitan dabbobi ya tabbatar, a yanka ko a sayar tun tana da ƙibarta. In kuwa tana ɗan dafa ƙafar, tana tashi ta ci ta sha, targaɗe ne ko tsoka ta yage, wannan ya cancanci jinya: shimfiɗar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa mai kauri, a juya ta daga gefe zuwa gefe sau da yawa a yini, ruwa kusa da bakinta domin mai shayarwa takan sha lita 20 ko fiye a rana, inuwa domin alade ba ya gumin da zai sanyaya shi, da maganin rage zafi da likita zai ba da.

Na ce kafin allura don dalili. Wannan allurar kashe ƙwayoyin cuta da muke kira LA, da sauran irinta, in ta shiga jiki ba a cin naman sai an jira kwanakin da ke rubuce a kwalba, yawanci sati uku zuwa huɗu. To kin ga an rufe ƙofar sayarwa ke nan, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya haɗa ƙashi. Sai a yi biyu babu, ga kuɗin magani ya tafi, ga dabba ta sha wuya ta mutu. Masu sayar da magani da yawa ba za su gaya miki wannan ba, su dai a sayi kwalba.

Na taɓa samun irin wannan da wata baƙar uwa mai farin goshi, wadda ta haifa mini sau biyar. Namiji ya hau ta kwana kaɗan bayan yaye, na ji ƙara, ta zube. Likita ya zo da yamma ya taɓa cinyar ya girgiza kai. Washegari na aika aka kira mahauci. Ya tsaya a bakin ƙofa, domin ba na barin mahauci ya taka cikin ɗakin aladuna, ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce, "Baba, wannan ai ba ta kai gobe." Ita kuwa tana kwance tana cin dusa daga hannun ƙaramin ɗana, tana gurnani kamar kullum. Ya taya rabin kuɗinta. Na ce ya je ya dawo, na kira na biyu. Da suka ga su biyu ne, farashi ya ɗaga. Ban samu abin da zan samu a kanta lafiya lau ba, amma kuɗin ya sayi mini aladu 'yan mata biyu. Lokacin da aka ɗora ta a amalanke na shige ɗaki, ban iya kallo ba. Ki riƙe wannan: mahauci in ya ga dabba a ƙasa, a wurinsa ta faɗi gasassa, kada ki taɓa kiran guda ɗaya.

Ba ki faɗi yadda kika yi da gawar ba. Ina fata an binne. Rami mai zurfi da kare ba zai tone ba, nesa da rijiya, a zuba farar ƙasa ko toka kafin a rufe. Na san akwai masu zuwa su ce a ba su da araha, kada ki yarda, balle ga magani cike da jikinta.

Game da haɗarin ɗaya uwar, karaya ba ta yaɗuwa, kuma tunda kin ga zamewar da idonki, hankalina ya fi karkata ga cewa ciwon ne ya kashe ta. Duk da haka, mutane sun yi ta shiga da fita a ɗakin nan cikin makon jinyar, mai ɗori, mai allura, 'yan dubiya, kuma wasunsu daga wasu ɗakunan aladu suke zuwa. Zazzaɓin aladu na Afirka ta takalmi da tufafi da allurar da aka yi wa wani alade yake tafiya. Tun da ya ɓarke a ƙasar nan a 1997 bai bar mu ba, a 2020 ya yi ɓarna mai yawa a Oke-Aro can iyakar Legas da Ogun, mu ma nan kudancin Kaduna mun sha ɗanɗana shi. Ba ya kama mutum, amma ba shi da magani. Ki sa ido na sati uku. In kika ga ta ƙi abinci, jiki ya yi zafi ya haura 40 a ma'auni, kunnuwa da ciki sun yi ja ko shuɗi-shuɗi, ko zawo da jini, kada ki sayar, kada ki yanka, ki kira ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma, su ne kan aika samfur zuwa cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Ki wanke ɗakin marigayiyar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki ajiye roba da ruwan magani a bakin ƙofa, ki ware takalmi ɗaya na shiga ɗakin kawai.

Marayun kuma, kin ci sa'a sun wuce sati uku, domin a manyan gonaki ma daga kwana 21 zuwa 28 ake yaye. Abu biyu ke kashe su a wannan lokaci, sanyi da zawo. Ki duba yadda suke kwanciya da dare: in sun hau kan juna sun dunƙule wuri ɗaya suna rawar jiki, sanyi suke ji, in sun baje kusa da juna, daidai ne. Ki yi musu lungu da katako, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ki toshe inda iska ke shiga da buhu, musamman da hunturu. In za ki sa gawayi, a cikin tukunya, inda ba za su ture ba, kuma a bar wa hayaƙi hanya. Abinci kuwa kunu mai ɗan kauri na garin masara da waken suya, a ɗan zuba madarar gari in da hali, da ɗumi-ɗuminsa, a faranti marar zurfi, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Waken suyan dole a soya shi ko a dafa kafin a niƙa, ɗanye yana hana su narkar da abinci. Wanda ya ƙi ci, ki tsoma bakinsa a farantin sau ɗaya ko biyu, in ya ga 'yan'uwansa suna sha zai bi. Abin da suka rage ki zubar, kunun da ya kwana shi ne mafarin zawo. In zawon ya zo, ruwan gishiri da sukari irin na yara, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a nemi likita. In ba a yi musu allurar ƙarin jini ba a kwanakin farko, a yi yanzu, domin ɗan alade da ke kan siminti ba ya samun ƙasar da zai tona ya samu ƙarfen jini. Kada ki kai su wurin ɗaya uwar sai in ita ma tana shayar da sa'anninsu, in ba haka ba cizo za su sha.

Sai maganar maigida. Wataƙila lallashi yake nufi, maza da yawa haka muke namu lallashin, ba ma iya shi ba. Amma wanda ke tashi da asuba ya dama dusa shi ya san dabbar nan ta san takunsa, tana fara kuka tun kafin ya buɗe ƙofa. Ga shi kuma a gidajenmu uwar alade ita ce asusun mace: kuɗin makaranta, zanen Kirsimati, zubin adashi, kuɗin asibiti in ta kama. Kin rasa abin da kika saba da shi, kin kuma rasa lissafin shekara guda a dare ɗaya, dole barci ya yi wuya. Ki faɗa wa mata a zumunta, za ki tarar rabinsu sun taɓa binne tasu. Yaran gida ma in sun tambaya a gaya musu gaskiya, a ba su aikin ba marayun kunu, yana rage musu damuwa.

Kada ki yi gaggawar zuwa kasuwar aladu ta Katsit da ke wajen Kafanchan ranar Alhamis don cike gurbi. Kasuwa ce babba, aladu daga ko'ina suke haɗuwa, cuta ma haka, duk wanda kika sayo sai ya yi wata guda a keɓe kafin ya haɗu da naki. Ni a ganina magajiyarta tana cikin taran nan. Ki zaɓi mata biyu masu tsayayyun ƙafafu da nono aƙalla 12 a jere, ki riƙe su, sauran ki yi kiwonsu ki sayar su biya miki dusa. A wata 7 zuwa 8 za su isa barbara, ciki kuma kwana 114 ne. Ki nemi namiji daga wani gida da kika yarda da tsabtarsa, ba ubansu ba, kuma matashi marar nauyi sosai a karon farko.

Ki gaya mini mata nawa ne a cikin taran, da abin da kike haɗawa a dusarki yanzu, sai mu ga abin da za a ƙara ba tare da aljihu ya ji jiki ba.