Muryar da aka rubuta: ina ake samun ma'aunin awannin aiki don ƙiyasin ginin masana'anta?

Assalamu alaikum jama'a. Injiniya, na ji tambayarka, wato ina za ka samu adadin awannin da kowane aiki yake ci don ƙiyasin ginin masana'anta.

To, littattafan suna nan. Aikin bututu, akwai littafin John S. Page. Wayarin, ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki ta Amurka, wato NECA, tana da nata, ta raba shi uku: aiki na yau da kullum, mai wuya, da mai wuya ƙwarai. Kankare da sauran gini kuma RSMeans, ko Spon's na Ingila.

Amma fa kada ka kwafi lamba ka zuba kawai. Ka fara karanta shafukan farko, inda suka faɗi sharaɗin lambar. A harkar matatu da masana'antu, galibi yankin gaɓar Tekun Mexico da ke kudancin ƙasar Amurka ake ɗauka a matsayin ma'aunin tushe, wato 1.0, sai ka ninka da naka yanayin. Misali, a ce kana da walda inci 4,000, wato jimillar faɗin bakin bututun da za a haɗa, a ce ma'auninka awa 1.5 kowane inci, ka ga awa 6,000 ke nan. Idan cikin masana'antar da take aiki ne, kullum sai an jira takardar izinin aikin wuta irin walda, ga cunkoso, ga hawa sama, ka sa 1.4, ya koma 8,400. Kuma wannan awannin masu riƙe kayan aiki ne. Ka duba ko ɗaura matakan hawa, gwajin matsin ruwa da awannin masu kula da aiki suna ciki, don sau da yawa ba sa ciki.

Inda ake yawan zamewa: wajen auna ƙwazon aiki, wani kamfanin yana raba awannin da aka kashe da na ƙiyasi, wani kuma akasin haka. To 1.2 a wurin wannan asara ce, a wurin wancan riba. Ka tambaya kafin ka ari lambar kowa.

Yauwa, sai ƙarin awanni. Rahoton 1980 na Business Roundtable, ƙungiyar shugabannin manyan kamfanonin Amurka, ya nuna awa 60 a mako, in ya wuce wata biyu, ƙwazo yana zubewa sosai. Kada ka lissafa awa 60 kamar 40 da rabinta.

Ni dai a ganina, takardun awannin ayyukan da kamfaninku ya gama sun fi kowane littafi. Ka ɗauko su, ka raba awannin da tan na ƙarfe ko incin walda da aka yi a zahiri, sannan ka gwada da na littafin. Wassalam.